Wace kyamara ce mai sauƙin kuɗi zan saya don ɗaukar tuƙi a filin wasan mota?

Sadiq_E46

Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah masu ilimin kyamara a taimaka min da shawara. Ina da wata tsohuwar BMW E46 da nake lallaɓawa, kuma akwai wani fili kewayayye a bayan gari da muke zuwa da abokai ƙarshen mako, mai filin ya san da mu, mukan jera tsofaffin tayoyi mu fitar da kwanoni mu riƙa zagaye ana duba lokaci, wani sa'in kuma a ɗan murza taya. Ba kan titi bane, na faɗa tun yanzu kafin wani ya fara min wa'azi.

Abinda nake nema shine ƙaramar kyamarar nan da ake maƙalawa a mota, inaso in riƙa ganin inda nake taka birki da yadda hannuna yake a sitiyari idan na shiga kwana, ba wai don TikTok kaɗai ba, kodayake shima ba zan ƙi ba. Na gwada da waya amma hoton rawa kawai yake kuma kafin a je ko'ina wayar ta ɗau zafi ta tsaya.

Kuɗin da na ware bai wuce dubu 200 ba, har da memori da abin maƙalawa. Naga wasu a intanet an rubuta musu 4K ɓaro-ɓaro, ga tarkacen maƙalai cike da jaka, kuɗinsu ko rabin abinda na ware bai kai ba. Wani abokina kuma yace kar in soma, in nemi GoPro ta hannu. To ni kaina ya kulle. Sabuwa mai araha ko tsohuwa mai suna?

Abba_Bidiyo

Wa alaikumus salam mutumina. Ni sana'ata ɗaukar bidiyon biki da taro, kuma ƙananan kyamarorin nan sun sha wucewa ta hannuna, abokinka gaskiya ya faɗa maka. Araha bata ado. Yawancin waɗancan marasa sunan da kake gani 4K ɗin a jikin kwali kawai yake, idon kyamarar ƙaramin hoto yake ɗauka sai a buɗa shi da manhaja ya cika girman 4K, idan ka saka a kwamfuta zaka ga komai ya dame, lambar mota ma baka iya karantawa. Wasu kuma firem, wato hotuna, 25 ko 30 suke yi a sakan, wasu ma ƙasa da haka, kai kuma abu mai gudu zaka ɗauka, 60 kake buƙata ko don ka iya rage gudun bidiyon ka kalli hannunka da kyau. Wlh 1080 na gaskiya a firem 60 ya fi 4K na ƙarya nesa ba kusa ba.

Da kuɗin nan naka ni GoPro Hero 7 Black zan nema maka ta hannu. A 2018 ta fito, dala 399 aka fara sayar da ita, ita ce ta farko da aka saka wa HyperSmooth wato abin hana girgiza nasu, tana yin 4K a firem 60, tana da GPS a cikinta, batirinta ana cirewa, gilashin gaban idon ma murɗe shi ake a canza idan ya karce. Amma ka buɗe ido sosai, Hero 7 iri uku ce, akwai White akwai Silver akwai Black, White da Silver batirinsu a like yake ciki baya fita kuma babu HyperSmooth, mai shago zai ce maka ai duk Hero 7 ce, kar ka yarda, Black ko a fasa. Hero 8 ta 2019 ta ɗan fi ta santsin hoto sai dai gilashin gabanta baya cirewa, a filin da tsakuwa da ƙura suke tashi wannan ba ƙaramin abu bane, tsakuwa ɗaya ta same shi shikenan ka zauna da tabo a kowane bidiyo. Idan Allah ya haɗa ka da Hero 9 a farashin da zaka iya to ɗauke ta, 2020 ta fito, batirinta ya fi girma kuma an dawo da gilashi mai cirewa.

Farashi ba zan faɗa ba don kasan yadda dala take wasa da mu, na yau daban na gobe daban. Ka zaga shagunan Ahmadu Bello Way, ka leƙa Jiji, in kana da wani a Kano ya duba maka Farm Centre ko Banex a Abuja. Abu ɗaya dai, kar ka tura wa kowa kuɗi yace zai saka maka a mota, ka riƙe ta a hannunka tukuna. Ka tafi da memorinka ka kunna ta tayi ta ɗauka kamar minti 20 ba tsayawa kana zaune a shagon, in zata mutu a nan zata mutu. Ka zaro batirin ka ɗora a kan tebur ka gani ko ya kumbura, ka haska ta wajen fitila ka duba karce, ka haɗa ta da manhajar Quik a wayarka, jabu bata haɗuwa.

Memori kuma kar ka yi masa rowa, ka duba jikinsa akwai U3 ko V30, ma'ana baya sauka ƙasa da megabayit 30 a sakan wajen rubutu. Na jabu sun cika kasuwa, a rubuta 128 alhali cikinsa bai kai ba, sai ka gama wasa ka dawo gida fayil ya ƙi buɗewa. Akwai wata ƙaramar manhajar kwamfuta H2testw, kyauta ce, tana cika katin ta karanta ta faɗa maka gaskiyar girmansa.

Nura_Kawo

Ni fa banga abin wahalar da kai ba. Me zai hana ka sayi dashkam kawai, wato kyamarar nan ta gilashin gaban mota? Irinsu Viofo A119 ko 70mai, ka manna a gilashi ka jona da wutar mota ka manta da ita, ba ruwanka da cajin batir. Viofo ɗin ma ba batir ne a cikinta ba, kafasito ne, wani ɗan abin riƙe wuta da ya fi batir jure zafi, an yi ta ne don ta zauna a gilashi cikin rana, zafin Kaduna na watan Maris da Afrilu ba zai dame ta ba. Ranar aiki kuma tana maka amfani a cikin gari, wani mai keke napep ya goge ka a Kasuwa ko shataletalen Leventis kana da shaida. Ragowar kuɗin ka sayi taya, naga alama ita kafi ci.

Kuma ba duka masu arahar bane shara, Akaso kamfani ne da aka sani, EK7000 ɗinsu bata kai dala 100 ba kuma mutane da yawa da ita suka fara. Da babu gara ba daɗi.

Abba_Bidiyo

Nura maganarka akan zafi haka take, amma ka sake karanta tambayar, yace hannunsa yake so ya gani a sitiyari. Dashkam irin wadda ka faɗa titi kawai take kallo. Sannan idan kati ya cika gogewa take ta ɗora sabo akan tsoho, kuma tana da abin jin karo, duk birki mai ƙarfi ko kwanar da aka sha da gudu zata iya ɗauka hatsari ne ta kulle fayil ɗin, sai an shiga an kashe shi. Ta cikin gari daban, ta fili daban. Akaso kuma ban ce shara bace, da rana tsaka hotonta ba laifi, amma da la'asar ta yi ko ƙura ta tashi zaka ga bambanci.

Hajiya_Zee

Sadiq bari in saka baki, ni ba mota nake ɗauka ba, dawakai ne, amma matsalar kusan ɗaya ce, gudu da ƙura da rana. Duk an tsaya akan GoPro an manta da DJI. Osmo Action 3 ta fito 2022, Action 4 kuma 2023, ta huɗun idonta ya fi girma shiyasa take kyau da yamma. Batirinsu yana daɗewa sosai, kuma maƙalinsu na maganaɗisu ne da ɗan ƙugiya, ka cire daga cikin mota ka mayar waje cikin sakan biyu ba sai ka tsaya kwance noti ba. Inda suka gaza shine babu GPS a cikinsu, Action 4 sai ka sayi wani rimot daban kafin ka samu gudu a jikin bidiyo. In ka samu Action 3 ta hannu a kuɗinka ka duba ta da kyau kafin ka yanke hukunci.

Amma ko wacce ka saya, zafi ne zai fara baka haushi. Kyamarorin nan iska ce take sanyaya su, an yi su ne don a ɗaura a hular kwano ko kan keke, to kai zaka kulle ta cikin mota bayan gilashi rana tana dukanta, in ka saka 4K a firem 60 bazata daɗe ba zata kashe kanta. Ka sauke zuwa 2.7K ko 1080, ka kashe waifai, ka saita sikirin ya mutu da wuri, in da hali ka cire batirin gaba ɗaya ka jona ta da fawa bank mai kyau, wani kaso na zafin daga batir yake zuwa idan ana caji ana ɗauka lokaci guda. Tsakanin zagaye da zagaye ka jefa mata farin hankici ko ka cire ta ka kai inuwa. Saukewar ma tana rage maka cin memori, kyamarar da take rubuta megabit 100 a sakan awa ɗaya wajen giga 45 zata cinye, ka lissafa da kanka sannan ka tuna da datar da zaka ɗora shi.

Sai haske. Cikin mota duhu ne waje kuma rana fetal, idan ka barta ta zaɓa da kanta zata haska maka dashbod da rigarka tas, abinda ke bayan gilashi kuma ya zama fari fat, ba tayoyin da kuka jera ba komai. Ka danna yatsa ka riƙe a kan sikirin daidai inda titin yake sai ta auna hasken daga nan ka kulle shi, ko ka rage EV, wato ma'aunin hasken hoto, zuwa -0.5 ko -1. Gara cikin motar ya ɗan yi duhu, hannunka dai za a gani. In kuma kuna kaiwa dare ƙarƙashin fitila ka mayar da ita 50Hz don wutarmu 50 ce, in ba haka ba hoton zai riƙa ƙyafta ido.

Wani abu da mutane basa ganewa, abin hana girgizar nan da ake ta yabo ba kullum ake so ba. Idan kyamarar tana cikin mota tana kallon dashbod, ka sha kwana sai ta yi ƙoƙarin gyara juyawar, kaga dashbod yana zamewa gefe yana dawowa kamar ruwa a cikin bokitin da aka ɗauko a ka. A ciki ka gwada kashe shi ka gani, a waje ko a hular kwano kuma ka kunna.

Sadiq_E46

Kai jama'a Allah ya saka da alheri, Hajiya wlh wannan na hasken ban taɓa sani ba, shi yasa na wayar ma waje yake zama fari. Oga Abba na riƙe, Black ko a fasa. Nura taya kam ka faɗi gaskiya 😂

To maganar maƙalawa fa? Robar nan mai tsotsar gilashi zata riƙe kuwa idan ana juya mota da ƙarfi? Kuma sautin injin nake so ya fito, na wayar iska kawai ake ji fuuu. Sannan ya ake saka gudu da taswirar fili a gefen bidiyo irin yadda nake gani a YouTube?

Kawu_Bakanike

Sadiq ɗana, kun yi ta maganar kyamara, ni a wajena abin riƙe ta ya fi ta muhimmanci. Kyamarar dubu ɗari biyu akan maƙalin roba na banza hoton banza zata baka, kuma ranar da ta ɓalle ta gangara ƙarƙashin fedar birki kana tsakiyar kwana ba maganar hoto ake ba kuma.

Mai tsotsar gilashin tana riƙewa in ta kirki ce, mai faɗin baki da ɗan hannun da ake dannawa ya kulle. Ka wanke gilashin ka goge ya bushe, musamman da hunturu da ƙura take kwanciya akan komai, ƙura kaɗan a bakin robar iska zata shiga. Kar ka manna akan gilashin da aka yi wa tintak, ledar ce zata ɗago. Hannun maƙalin ya zama gajere, duk gaɓar da ka ƙara rawa ka ƙara. Kuma dole ka ɗaura mata igiya ta biyu, ko igiyar takalmi ce mai ƙwari, daga jikin kyamarar zuwa mariƙin nan na saman ƙofa, gajeriya yadda ko ta saki bazata kai ƙasa ba. A wuraren da ake tsere bisa ƙa'ida ana duba wannan kafin a bar mota ta shiga. Na san filinku ba irin na Evbuobanosa na jihar Edo bane, ba mai duba ku, to ku duba kanku.

Tunda hannunka da titi kake so a hoto ɗaya, wurin da ya fi shine tsakanin kujeru biyu na gaba, ɗan baya kaɗan, daidai tsayin kafaɗarka. Ka zare matashin kai na kujerar mai zaman banza ka tafi da shi Panteka, ka samu mai walda ya yanka maka falalen ƙarfe ya huda rami biyu daidai sandunan, ya bar masa hannu kamar taƙi ɗaya zuwa tsakiyar mota, a ƙarshensa a saka noti mai kwata inci irin na ƙafar kyamara, sai ka sayi ɗan adaftan GoPro ka ɗaura. A saka guntun tiyub tsakanin ƙarfen da sandunan don ya kama gam. Kujerar da ba kowa a kai tana kaɗawa, to ka ja bel ɗinta ka zagaya bayanta ka ɗaure tamau. Wannan aikin kuɗinsa bai kai na cin abincin rana biyu ba kuma ya fi na kwali da yawa.

Masu gam na 3M ɗin nan in zaka manna a waje, ka goge wurin ka manna ka barshi ya kwana kafin ka ɗora kyamara, kuma kar ka manna a bamba ta roba, rawa take. Wayarka kuma ka daina ɗaure ta a jikin ƙarfen mota, idon manyan wayoyi yana da ɗan abin motsi a ciki, kamfanin Apple da kansa ya fitar da gargaɗi a 2021 cewa girgizar injin manyan babura tana lalata shi.

Hular kwano kana sakawa dai ko? Ban ji ka ambata ba.

Mubarak_Kadpoly

Kawu ya gama magana akan maƙali. Bari in amsa na gudu da sauti.

In dai GPS na cikin kyamara kake so, GoPro masu suna Black daga Hero 5 har Hero 11 duk suna da shi, banda 11 Mini, Hero 12 ta 2023 aka cire, suka dawo da shi a Hero 13. Na faɗa ne don kar wani ya kawo maka 12 kace ai sabuwa ta fi. Amfanin na GoPro shine saurinsa, na Hero 7 yana auna wuri sau 18 a sakan, waya kuwa yawanci sau ɗaya take yi. Kayi lissafi, a gudun kilomita 100 a awa mota tana cin kusan mita 28 duk sakan, ko a 60 ma wajen mita 17 ne, a ƙaramin fili irin naku wannan ai rabin kwana ne waya bata gani ba, layin da zata zana maka a taswira zai yanke ta cikin tayoyin. Sai dai rufin mota yana tare sigina, inda Kawu yace a saka ta wani lokacin tana wahalar kamawa, ka kunna ta a waje tukuna ka jira alamar GPS ta kama kafin ka shigar.

Hanya mafi araha in ka sayi wadda bata da GPS, ka sauke TrackAddict ko RaceChrono a waya, ka nuna mata inda layin farawa yake, ita zata riƙa ƙirga maka lokacin kowane zagaye, wayar kuma tana cikin mariƙi mai laushi kusa da gilashi ba ɗaukar hoto take ba balle tayi zafi. Daga baya ka haɗa bayanan da bidiyon a kwamfuta da RaceRender. In ka ƙara ɗan ELM327 mai bulutut da ake sokawa a ramin OBD ƙarƙashin sitiyari zaka samu juyin injin da totur da zafin ruwa, amma ka leƙa motarka tukuna, E46 na farko-farko wasunsu zagayayyen soket ne a cikin bonet sai da adafta, kuma tsofaffin motoci a hankali suke bada bayanin, allurar zata riƙa tsalle a bidiyo, kar kace na'urar ce ta lalace.

Sauti kuma kar ka kashe kuɗi. GoPro sai da adaftanta na musamman take karɓar makirfo na waje kuma yana da tsada. Ka samu tsohuwar waya ka kunna rikoda ka naɗe ta a tawul ka cusa a but ta gefen salansa inda bazata yi yawo ba, kafin ka tashi ka danna hon sau ɗaya, a CapCut sai ka daidaita ƙarar hon na wayar da na kyamarar, shikenan sun hau layi ɗaya. In kyamarar tana waje ka yanki soso ka rufe ramukan makirfonta.

Sadiq_E46

Kawu ina sakawa wlh, har da bel. Gobe in Allah ya kaimu zan zare matashin kujerar in shiga Panteka. Akwai wani a Barnawa da ya saka Hero 7 Black da batir biyu, na ce masa mu haɗu a shago inda akwai wuta in gwada ta. Oga Abba memori 64 zai ishe ni ko in daure in sayi 128?

Abba_Bidiyo

64 guda biyu ya fi 128 guda ɗaya, in ɗaya ya baka matsala kana da na canji. Ka tambaye shi firem ɗin da take zama a ciki yana nan ko babu, Hero 7 bata da ƙafar maƙalawa a jikinta, in babu firem ka rage masa kuɗi.